Ledar sitacin da na ƙarfafa da zaren rama ta narke a firji, a ina na kuskure?

Ummi Ɗaliba: Assalamu alaikum. Malamai da yayye, da koke na zo. Wata biyu ke nan ina fama da aikin kammala karatuna, kan ledar naɗe abinci mai ruɓewa da ake yi da sitaci maimakon man fetur. Na dafa sitaci da ruwa da giliserin, sinadarin da ke sa ta laushi, na zuba a faranti ya bushe, leda ta fito garau har ana hangen yatsa ta cikinta. Matsalarta, da ka ɗan ja ta sai ta tsage. Malamina ya ce in ƙarfafa ta da zaren tsiro. Na samo rama, na busar da zaren, na niƙa, na tankaɗe, na zuba a kwaɓin. Ta yi ƙarfi kuwa, sai na sa hannu biyu take yagewa. Jiya na naɗe yankan tumatir da ita na sa a firji. Da safe na tarar ta saki jiki, ta yi yauƙi, ta manne wa tumatirin kamar yanar madara. To ina amfanin ƙarfin?

Injiniya Abba: Wa alaikumussalam. Ƙanwata ba ki yi kuskure ba, sitaci ne ya nuna miki halinsa. Zare maganin yagewa yake yi, ba maganin ruwa ba. Rodi yana hana kankare tsagewa, amma bai taɓa hana rufi yoyo ba. Ke kuma kin tara mashaya ruwa har uku a wuri guda: sitacin, giliserin ɗin, da zaren kansa.

Ummi Ɗaliba: Yaya, har zaren ma? Na ɗauka shi ne zai tare ruwan.

Dakta Hauwa: Har shi, Ummi. Sitaci da selulos ɗin da ke cikin zaren 'yan gida ɗaya ne, dukansu sarƙar sukari ce, bambancinsu kawai yadda aka ƙulla sarƙar. Jikin kowannensu cike yake da 'yan hannaye masu cafke ruwa. Idan wuri a bushe yake, hannayen nan junansu suke riƙewa, su matse, shi ya sa busasshiyar ledar sitaci take tare iskar oksijin fiye da ledar kasuwa ta yau da kullum. Da danshi ya shigo sai kowane hannu ya saki ɗan'uwansa ya kama ruwa, ƙofofi su buɗe, ƙarfi ya tafi, tare iskar ma ya tafi. Kin kai ta firji, kin kuma haɗa ta da abin da kusan duk jikinsa ruwa ne. Da ta tsira ma da na yi mamaki.

Kuma kada ranki ya ɓaci, matsalar ta girme mu duka. Selofen, ledar selulos ɗin da Jacques Brandenberger ɗan Siwizalan ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, haka ta yi ta fama: ruwa ba ya ratsa ta, amma tururinsa yana wucewa. Sai a 1927 da kamfanin DuPont ya gano shafa mata wani siririn rufi mai tare danshi sannan masu abinci suka rungume ta.

Kawu Sale: Ni fa ku yi mini afuwa, duk wannan magana ta roba mai ruɓewa talla ce. Duniya tana ƙera roba sama da tan miliyan 400 a shekara, irin wadda kuke magana a kai kuwa 'yan tan miliyan 2 ne da ɗoriya, kashi 1 cikin 100 ma ba ta kai ba. Shekara nawa ana mana alkawari? Masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun binne ledojin da aka rubuta musu masu ruɓewa, suka sa wasu ledojin a teku, bayan shekara uku suka ciro su, a 2019 suka nuna wa duniya suna ɗaukar kayan cefane ba su yage ba. 'Yata, ki nemi wani aikin ki yi, wannan an gudu ne ba a tsira ba.

Dakta Hauwa: Kawu, binciken nan gaskiya ne, amma ka faɗi rabi ka haɗiye rabi. A cikinsa akwai leda irin wadda aka yi don ta ruɓe a masana'antar haɗa taki, ita a teku wata uku ta yi ta ɓace, ko da yake a ƙasa ta daɗe tana nan. Abin da binciken ya tona shi ne kalmar "mai ruɓewa" ba ta da ma'ana sai an faɗi a ina, kuma cikin wane lokaci.

Mutane suna cakuɗa tambaya biyu. Daga me aka yi robar, wannan daban. Ina za ta ƙare, wannan ma daban. Kamfanin Braskem a Birazil tun 2010 yake yin leda daga rake, amma da an gama ta ba ta da wani bambanci da ta man fetur, ba ta ruɓewa ko kaɗan, sai dai a narka ta a sake ƙerawa. Robar PBAT kuma, wadda kamfanin BASF ke sayarwa da sunan ecoflex, asalinta man fetur ne amma tana ruɓewa a taki. Ka ga uwa daban, hali daban.

Kawu Sale: To ai kin ƙara mini hujja, Dakta. Idan sai mutum ya yi digiri kafin ya san kwandon da zai jefa kofin shayinsa, an yi gyaran gangar auzinawa ke nan.

Mai Taki: Nan kam ina bayan Kawu, don ni ne mai karɓar kayan a ƙarshe. Aikina sarrafa ragowar abinci ya zama taki. Kofunan robar tsiron nan da ake kira PLA, masu haske kamar gilashi, ido ba ya bambance su da na roba. Ma'aikacin da ke tsaye a bakin bel, shara na wucewa da gudu, ba shi da lokacin juya gindin kofi ya karanta tambari. Duk abin da ya yi kama da roba tsince shi yake ya jefa gefe, daga can sai juji ko wuta. Wanda ya kuɓuce masa kuma, idan tulin bai yi zafi sosai ba, bayan an tankaɗe takin sai ka ga ɓaraguzansa farare kamar ɓawon ƙwai. Manomi ya gani ya ce mun sayar masa da shara.

Ƙa'idar Turai, EN 13432, cewa ta yi cikin mako 12 abin ya wargaje har kada abin da zai rage a kan rariya mai ramin milimita 2 ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma cikin wata 6 kashi 90 ya koma iskar kabon. Amma a zafin digiri 58 ake gwajin. Ramin takin bayan gida ba ya riƙe wannan zafin. Mu kanmu ba ma son kaya su yi wata uku a hannunmu, wuri ba ya isa.

Ummi Ɗaliba: Baba Mai Taki, to idan an zuba wa PLA zare, ruɓewar raguwa take ko ƙaruwa?

Mai Taki: A abin da nake gani, masu zaren sun fi saurin wargajewa, in dai ba su yi kauri ba. Zaren kamar lagwani yake, yana ja wa robar ruwa har cikin cikinta. Kauri ne abokin gabata. Cokali mai kauri yana iya fita daga tuli yadda ya shiga.

Injiniya Abba: Kun ga inda gizo ke saƙar. Lagwanin da ke faranta wa Baba Mai Taki rai shi ne ke hana ni barci, don ruwan da zai ja a tulin taki shi zai ja a kan kanta tun abinci na ciki.

Bari in ba ku labarin PLA daga bakin inji. Daga sukarin masara ko rake ake yin ta: bakteriya su mayar da sukarin lakitik asid, a ɗinke asid ɗin ya zama doguwar sarƙa. Kamfanin NatureWorks na yin ta a jihar Nebraska ta Amurka, kamfanin TotalEnergies Corbion kuma a Tailan. Tana da kyan gani, tana da tauri, amma aibinta biyu. Gautsi gare ta, ba ta miƙewa, karyewa take. Sannan daga digiri 55 zuwa 60 take fara laushi. Mun taɓa buga tire-tiren abinci da ita, muka loda a mota, direba ya ajiye motar a rana ya tafi sabgarsa. Da aka buɗe, na saman duk sun lanƙwashe sun shige cikin juna, sai da muka sa wuƙa muna ɓamɓarewa. Lodi guda ya tafi a banza.

Daga nan muka koma zuba zare da hodar talk, garin wani dutse mai laushi. Hodar tana sa sarƙoƙin robar su jeru su daskare da tsari, sai ta iya jure abin sha mai zafi, sai dai hasken ya tafi, ta koma fara dusu-dusu. Zaren kuma nasa rigimar daban. PLA sai ta haura digiri 150 take narkewa, a inji muna kai ta kusan 190, zaren tsiro kuwa daga wajen 200 yake fara ƙonewa. Tazarar 'yar kaɗan ce. Ka ɗan yi sakaci sai kaya su fito ruwan ƙasa, ɗaki ya game da ƙaurin ƙonanniyar takarda. In kuma ba ka busar da zaren da ƙwayoyin robar sosai ba, ɗan danshin da ya rage zai yayyanka sarƙar a cikin injin, abin da zai fito ya fi na da gautsi.

Abban Sadik: Ni dai abin da na tuna da PLA shi ne jakar kayan ƙwalama na SunChips ta 2010 a Amurka. An yi ta don ta ruɓe a taki, amma ƙararta in ka taɓa ta ta sa mutane suka yi ta ƙorafi har kamfanin ya janye ta daga yawancin kayansa. Duniya ta so ceton muhalli, kunne ya ce bai yarda ba 😂

Injiniya Abba: Taurin nan da na faɗa ne ya jawo ƙarar. Shi ya sa ake cakuɗa PLA da PBAT, ɗaya ta ba da tauri ɗaya ta ba da laushi.

Maman Ikram: Don Allah ku bar ni in sako tawa, ko da ta ɗan kauce. Na saya wa yara kofuna da faranti da aka rubuta na gora ne, marasa sheƙi, masu launi mai kyau. Na yi murna na rabu da roba. Yanzu ɗaya ya fara yin fari-fari a ciki, ya yi kaushi inda shayi ke tsayawa. Irin abin da kuke magana ne?

Dakta Hauwa: Maman Ikram, ki daina zuba musu abu mai zafi a ciki daga yau, wanda ya yi kaushin kuma ki jefar. Yawancin irin waɗannan ba gora ba ce zalla. Garin gora ne aka kwaɓa da robar melamin, wadda ake haɗawa da wani sinadari mai cutarwa da ake kira fomaldehaid. Garin yana raunana robar, zafi da tsami su ci fuskarta, sinadaran biyu su riƙa zuba cikin abin sha. Hukumar tantance haɗurra ta Jamus ta yi gargaɗi a kai, musamman ga abin da ya haura digiri 70, kuma a 2021 ƙasashen Tarayyar Turai suka yi gangamin kwashe su daga kasuwa, don dokarsu ba ta amince a zuba garin gora a robar da za ta taɓa abinci ba. Ga shi ba sa ruɓewa, ba a kuma iya narka su a sake ƙerawa. Wanda aka sassaƙa daga itacen gora kai tsaye, shi wannan maganar ba ta shafe shi ba.

Maman Ikram: Innalillahi. Allura ta tono garma. Na gode Dakta, yanzun nan zan kwashe su.

Kawu Sale: Kun ji ko? Haɗin tsiro da roba, ga inda ya kai mu.

Dakta Hauwa: Wannan mugun haɗi ne, Kawu, ba shi ne ke nuna kowane haɗi mugu ba ne. Amma na yarda da kai a abu guda: duk abin da aka ƙara don toshe wata ɓaraka, sai an tambaye shi abin da ya zo da shi. Kwanukan da ake matsawa daga tuƙar rake misali ne. Sharar masana'antar sukari ce, suna ruɓewa lafiya lau, amma mai yana ratsa su. Sai wasu masu ƙerawa suka riƙa sa musu sinadaran PFAS, waɗanda ba sa lalacewa a ƙasa ko a jikin mutum. Kwano ya ruɓe, gubar ta zauna a takin Baba. Denmak ta haramta su a takarda da kwalin abinci tun Yulin 2020.

Ummi, mu dawo kanki. Kin wanke zaren da soda kafin ki niƙa?

Ummi Ɗaliba: A'a Malama, busarwa kawai na yi.

Dakta Hauwa: To ki jiƙa shi a ruwan soda mai kaifi marar ƙarfi sosai, ki sa safar hannu da tabarau, ki ɗauraye har santsin ya fita. Sodar tana cire kakin da ke bayan zaren da wani ɓangare na lignin da hemiselulos, sinadaran da ke liƙe da selulos a jikin zaren, ta bar fuskarsa da kaushi yadda kwaɓin zai kama shi. A sitaci kamun ba wuya, tunda jininsu ya haɗu. A PLA ne ake shan wahala, don ita ba ta son ruwa shi kuma yana so, sai a bar 'yan ramuka tsakaninsu, a nan tsagewa ke farawa. Shi ya sa masana'antu ke sa sinadarin da zai zama ɗan tsakani, hannu ɗaya a zare ɗaya a roba.

In kina son ki ga abin mamaki, ki karanta kan nanoselulos. Ana dafa selulos da asid, sassan da ba su da tsari su narke, a bar 'yan allurai da madubin awo na yau da kullum ba ya gani. Taurin allurar nan ya ninka na PLA sau da yawa, kuma saboda ƙanƙantarta ledar ba ta rasa haskenta. Akwai kuma yumɓun montmorilonait, wanda ke rabewa falle-falle siraran gaske. Masu binciken Toyota ne suka fara nuna amfaninsa a cikin nailan wajen ƙarshen shekarun 1980. Idan fallayen suka kwanta a cikin leda, iska ko tururi ba sa samun miƙaƙƙiyar hanya, sai sun yi ta kewaye kamar mai neman ƙofa a gida mai lungu da yawa. Wannan yana rage shigar danshi, ba ya hana shi. Kuma kaɗan ake sawa, kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Kika zarce, sai su dunƙule kamar gudajin kwaɓi, kowane gudaji ya zama wurin yagewa.

Injiniya Abba: Gudajin nan shi ne abin da takardun bincike ba sa ba shi haƙƙinsa. A faranti kana da awa guda kana juyawa a ruwa. A inji daƙiƙoƙi ne, a cikin narkakkiyar roba mai kauri. Da yawa abin da ya yi kyau a ɗakin gwaji a nan yake mutuwa.

Kawu Sale: Ga wata kuma. Ana yunwa a duniya, ku kuna narka masara kuna yin kofi.

Abban Sadik: Kawu, ƙungiyar masu sana'ar a Turai ta ce filin da ake noma wa robar tsiro bai kai kashi 1 cikin 1000 na gonakin duniya ba.

Kawu Sale: Don ba ta da yawa ne, ɗana. Ninka tan miliyan 2 ɗin sau ɗari ka sake lissafi.

Dakta Hauwa: Kawu ya yi gaskiya a nan, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin darajar ƙarfafawa da zare. Duk kason da ƙaiƙayin shinkafa ko tuƙar rake ko karan alkama ya cike, kaso ne da ba a narka hatsi ba. Akwai kuma PHA, robar da bakteriya ke tarawa a cikinsu kamar yadda jiki ke tara kitse. Maurice Lemoigne ya gano nau'inta na farko a Faransa tun shekarun 1920. Ana iya ciyar da bakteriyar da tsohon man suya, tana jure ruwa fiye da sitaci nesa ba kusa ba, kuma tana ruɓewa a ƙasa da teku fiye da PLA. Tsada ce ta riƙe ta, da wahalar sarrafawa, don zafin da take narkewa yana dab da wanda take lalacewa.

Amma kada mu manta aikin mazubi na farko shi ne kare abin da ke ciki. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa asararsa ake yi. Idan leda mai ruɓewa ta sa nama ya lalace kwana biyu da wuri, ruwa da abincin dabba da man da aka kashe kafin a samu naman sun ninka abin da ledar ta ceto.

Mai Taki: Ni inda nake maraba da ita shi ne inda mazubi ba ya rabuwa da ragowar abinci. Jakar ganyen shayi, 'yar takardar da ake manna wa 'ya'yan itace, ledar tara sharar kicin. Waɗannan ba mai wanke su ya sake ƙerawa, ko ana so ko ba a so wurina za su zo. Sabuwar dokar mazubai ta Tarayyar Turai ta 2025 ma ta wajabta jakar shayi da 'yar takardar nan su zama masu ruɓewa a taki. Kwalbar ruwa kuwa a bar ta a PET, robar da aka saba yin ta da ita, tana da masu karɓarta su sake ƙerawa. PLA in ta shiga cikinsu ɓata musu narki take, ya fito da hazo.

Kawu Sale: Jakar shayi na yarda. Sauran ina nan kan bakana.

Ummi Ɗaliba: Salam, na dawo bayan kwana tara. Na wanke zaren da soda kamar yadda Malama ta ce, na rage giliserin, na ƙara ɗan sitirik asid, sinadarin tsamin lemo, a kwaɓin, sannan na shafa wa fuska ɗaya narkakken kakin zuma. Na sake gwada tumatir. Wannan karon ta kwana ba ta narke ba, amma a rana ta biyu gefunan da na yanka da almakashi sun kumbura, ta nan ruwan ya shiga, kuma duk inda na ninke ta kakin ya tsage. Sai na gwada ta da busasshen biskit a cikin kabad, yau kwana shida yana nan da ƙarasƙaras ɗinsa, na kusa da shi da na bari a buɗe ya yi laushi. Malamina ya ce in sauya taken aikin ya koma kan busassun kaya. Na kuma yanka guda biyu, mai kaki da marar kaki, na binne a tukunyar fulawa ina zuba ruwa.

Mai Taki: 'Yata, ki sa su a cikin 'yar raga kafin ki binne, in ba haka ba ranar tonowa ba za ki san ko ruɓewa suka yi ko ɓacewa suka yi miki ba. Ki auna nauyinsu a bushe tukuna.

Ummi Ɗaliba: Kash, na riga na binne, Baba. Gobe zan tono in sake.

Injiniya Abba: Yaya kika rufe bakin jakar biskit ɗin?

Ummi Ɗaliba: Da zare na ɗaure, Yaya.

Injiniya Abba: To gwada manne shi da zafi, ko da dutsen guga ne ki sa takarda a tsakani. Inji ba ya ɗaure zare, kuma kaki ba ya son manni, ina jin sai kin bar bakin ba shafi. Ki turo mana hoton abin da ya fito.